Kafin Ku Danna Maɓallin Maimaici

Ƙannena maza da mata da kuka rungumi sana'ar watsa shiri kai tsaye, ina farin ciki da yadda kuka yawaita. A da, duk mai son ya taɓa na'urar haɗa hoto, wadda ma'aikata ke kira miksa, sai ya sami aiki a gidan talabijin, ya yi shekaru yana naɗe waya yana ɗaukar ƙafar kyamara, kafin a bar shi ya zauna a kujerar. Yau matashi mai kyamara uku da ƙaramar miksa a cikin jaka yana watsa tafsirin azumi, ko wasan ƙwallon unguwa, ko dambe, ko hawan sallah, 'yan'uwa da ke Makka da Legas da Landan suna kallo a wayoyinsu. Wannan buɗi ne daga Allah, kuma ya cancanci godiya. Sai dai kayan aikin sun riga iliminsu isowa hannunmu, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar wajen maimaici.

Da zarar an ci ƙwallo, mai kallo yana jira a sake nuna masa, a hankali, daga wani ɓangaren. Haka ya saba gani a wasannin Turai, kuma wanda ya ba ku aikin zai ce shi ma irin wancan yake so. Sai ku sayo ko ku hayo na'urar maimaici, sannan ku nemi yadda miksa za ta riƙa ba ta umarni, a danna maɓalli ɗaya komai ya tafi daidai. Hakan yana yiwuwa, ana kuma yinsa kullum. Nasihata gare ku ita ce kada ku tsaya ga haddace inda wani ya danna a bidiyon koyarwa. Ku san abin da ke bi ta cikin waya idan kun danna, da inda yake zuwa, da wanda zai amsa. Mai haddar dannawa yana aiki lafiya har zuwa ranar da abu ɗaya ya sauya, kuma a wannan sana'a abu yakan sauya ne ana saura minti goma a fara.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Ranar 7 ga Disamba 1963, gidan talabijin na CBS yana watsa wasan ƙwallon Amurka tsakanin makarantar sojojin ƙasa da ta sojojin ruwa a birnin Filadelfiya. Daraktan shirin, Tony Verna, matashi ne mai shekara 30. Ya sa aka kawo na'urar ɗaukar bidiyo ta kamfanin Ampex, mai nauyin fiye da kilo 500, da nufin ya maimaita abin da ya faru nan take. Na'urar ta yi ta ba shi wahala wajen gano daidai inda hoton da yake nema yake a kan tef, har ya zamana sau ɗaya tak ya iya amfani da ita, can wajen ƙarshen wasa. Da hoton ya fito, sai da mai sharhi, Lindsey Nelson, ya yi saurin gaya wa masu kallo cewa ba wani sabon ci aka yi ba, wanda suka gani ɗazu ne ake sake nunawa. A 1967 Ampex ta fito da HS-100, mai faifai a madadin tef, wadda ke riƙe daƙiƙa 30 kacal amma tana iya tafiyar hawainiya. A 1994 aka kafa kamfanin EVS a Liyaj ta ƙasar Beljiyam, kuma na'urorinsa ne suka mamaye manyan motocin watsa wasanni na duniya. Kaya sun sauya ƙwarai, amma abubuwa biyun da suka dami Verna suna nan: hoton ya tashi daga daidai inda ake so a daidai lokacin da ake so, kuma mai kallo ya san maimaici yake gani.

Tun kafin ku kashe kuɗi, ku bambance na'urar maimaici ta gaskiya da na'urar ɗauka da kunnawa. Ta gaskiya ba ta daina ɗaukar kyamarori ko da tana cikin nuna abin da ya wuce, shi ya sa idan aka sake cin wata ƙwallon kuna tsakiyar maimaici ba ku rasa ta ba. Irin su EVS, da Mira ta kamfanin Ross na Kanada, da 3Play da kamfanin NewTek ya ƙirƙira, duk haka suke, kuma manhajar vMix ma tana yin hakan idan kwamfutar tana da ƙarfi. Amma na'ura irin HyperDeck Studio ta kamfanin Blackmagic, ko dai tana ɗauka ko tana kunnawa. Tana da amfani sosai wajen talla da buɗe shiri da gutsattsarin bidiyon da aka shirya tun farko, kuma da ita mafi yawanku za ku fara koyon yadda miksa ke sarrafa wata na'ura. Amma kada ku yi wa mai aiki alkawarin maimaicin wasa alhali ita kaɗai ce a jakarku.

Abu na farko da nake so ya zauna a ranku shi ne hanyoyi biyu ne tsakanin miksa da na'urar maimaici, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Akwai hanyar hoto, akwai hanyar umarni. Wayar SDI ko HDMI da ke kawo hoto cikin miksa ba ita ke kai saƙon "tashi" ko "tsaya" ba. Na sha ganin matasa sun ga hoto ya fito tangaram a allo, sai su ɗauka an gama, su yi ta danna maɓalli suna mamakin me ya hana bidiyon motsi. Na kuma ga akasin haka: na'ura tana amsa umarni, lambobin lokacinta suna gudu, allo kuwa baƙi ƙirin, sai a hau sauya adireshin netwok wanda ba shi da laifin komai. Idan abu ya ƙi, tambayar farko ita ce wace hanya ce ta toshe. Wannan tambaya kaɗai tana rage rabin wahala.

Ku fara da hanyar hoto. Nijeriya da Nijar da Gana duk ƙasashen 50 ne: wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma an gina shi a kan firem 25 a daƙiƙa. Amurka kuwa 60 ce, hotonta 59.94 ko 29.97. Kyamarori da dama da ke zuwa mana na hannu daga can suke, da saitin can a cikinsu. Idan kun bar su haka, fitilun zaure za su riƙa kyaftawa a hoto, wata miksar kuma ba za ta ma nuna hoton ba. Ku zaɓi tsari ɗaya, ku ɗora kowace na'ura a kansa. Don wasa, idan kayanku za su iya, ku ɗauki 1080p50. Dalilin lissafi ne mai sauƙi: idan an rage gudun hoto zuwa rabi, firem 50 sun koma 25 a daƙiƙa, ido bai ga tsalle ba, firem 25 kuwa sun koma 12 da rabi, hoton yana tafiya yana cijewa. Shi ya sa a manyan wasanni ake kawo kyamarori masu ɗaukar ninki uku, firem 150 a daƙiƙa, har a ga yadda ƙafa ta taɓa ƙwallo. Akwai kuma wani tarko a 1080p50: siginar 3G-SDI tana da shiri iri biyu, lebul A da lebul B, kuma idan mai aikawa yana kan ɗaya mai karɓa bai gane shi ba, baƙin allo za ku gani alhali waya lafiyarta ƙalau. Sannan ku rubuta wa kowace kafar shiga sunanta a miksa. "Maimaici A" ya fi "kafa ta 7" saurin ganewa lokacin da zuciya ke bugawa.

Hanyar umarni ita ce inda nake so mu daɗe, domin nan ne ilimin yake. Na'urori suna magana da juna ne da yaruka da aka tsara musu, kuma kowane yare da iyakar abin da zai iya faɗa. Mafi sauƙinsu shi ne GPI: wayoyi biyu ne ake haɗa bakinsu na ɗan lokaci, na'ura ta ji an taɓa ta, ta yi abu ɗaya da aka riga aka ɗora mata, misali ta tashi. Ba ta mayar da amsa, miksa ba ta san ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Duk da haka kada ku raina shi, don ba ya buƙatar adireshi, ba ya jiran netwok, kuma da wuya ya ba da kunya. Sai yaren Sony mai fil 9, wanda aka gada daga zamanin na'urorin tef irin Betacam. Ya san tashi, tsaya, koma baya, je ka lokaci kaza, amma bai san sunan bidiyo ba, domin a zamaninsa tef ɗaya ne a ciki. Sai VDCP, wanda kamfanin Louth ya tsara don na'urori masu ajiye bidiyo a faifai. Shi ya san sunaye: miksa za ta iya tambayar jerin abin da ke ciki, ta ce a ɗora wancan, a tsaya a farkonsa, a jira. Kamfanin Grass Valley yana da AMP, wanda ke yin kusan irin wannan aikin ta netwok a ƙofa mai lamba 3811, yana kuma da P-Bus, inda miksa ba ta kiran suna, lamba kawai take aikawa, ita kuwa na'urar ta tuna abin da aka ajiye mata a wannan lambar. Ross na da RossTalk a ƙofa ta 7788, umarninsa rubutu ne da mutum zai iya karantawa da idonsa. HyperDeck kuma tana sauraro a ƙofa ta 9993.

Ban kawo waɗannan don ku haddace ba. Na kawo su ne don ku gane cewa tambayar "miksata za ta sarrafa waccan na'ura?" amsarta tana cikin littattafan na'urorin biyu: ku buɗe shafin da aka jera yarukan da kowacce ke ji, ku nemo wanda suka yi tarayya a kai, sannan ku tambayi kanku ko wannan yaren zai iya faɗin abin da kuke so a faɗa. Idan buƙatarku ita ce miksa ta zaɓi talla ta 3 daga cikin 10, GPI ɗaya ba zai yi ba. Idan kuwa buƙatar ita ce bidiyon da mai maimaici ya riga ya ɗora ya tashi daidai lokacin da aka yanka zuwa gare shi, GPI ya wadatar, kuma ɗora VDCP a wurin ƙarin kaya ne kawai. Idan babu yaren da suka haɗu a kai, akwai manhajar Companion ta kamfanin Bitfocus na Nowe, kyauta ce, tana zama a tsakiya ta yi wa kowacce magana da yarenta daga madannin Stream Deck. Tana taimakawa ƙwarai, amma ku sani kun ƙara kwamfuta ɗaya a cikin abubuwan da za su iya tsayawa.

Idan haɗin na waya mai fil 9 ne, ku kula. Kanta ya yi kama da na tsohuwar wayar kwamfuta ta RS-232, amma ita RS-422 ce, siginarsu ba ɗaya ba ce, kuma wayar da kuka tsinta a kasuwa don kanta ya shiga ba lalle ta yi ba. A tsarin Sony, fil na 2 da na 7 su ne tagwayen hanya ɗaya, na 3 da na 8 tagwayen ɗayar. Gudun maganar 38,400 ne, bit 8, fariti a kan od, bit ɗin tsayawa 1, kuma VDCP ma a kan wannan saitin ya saba tafiya. Abu ɗaya ya saɓa a cikin waɗannan, shiru za ku ji. Wasu miksocin kuma ramin wannan haɗi nasu irin na wayar netwok ne amma jerin fil ɗinsu daban, don haka sai an duba zanen da ke littafi kafin a haɗa waya. A VDCP akwai ƙarin abu biyu. Kowace kafa ta na'urar tana da lamba: kafafen fita 1, 2, 3, kafafen ɗauka kuma da alamar ragi a gabansu. Idan kun ba miksa lambar da ba ita ba, za ta riƙa tayar da kafar da ba kowa ke kallo ba. Na biyu, asalin yaren harafi 8 kawai ya yarda da su a sunan bidiyo, daga baya aka ƙara masa damar dogon suna, kuma ba kowace na'ura ce ke zuwa da wannan damar a buɗe ba. Ku saba da gajerun sunaye marasa tazara, kuma kada ku dogara ga ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, don tsofaffin yarukan nan ba da su aka tsara su ba.

Idan haɗin na netwok ne, to maganar adireshi ce. Bari mu ɗauki abin da ya fi yawa a hannunku, miksar ATEM da HyperDeck. Da yawa daga miksocin ATEM suna zuwa da adireshin 192.168.10.240. Sai ku ba HyperDeck adireshin da ya yi daidai da shi a rukuni uku na farko ya bambanta a na ƙarshe, misali 192.168.10.50, kwamfutarku ma haka da tata lambar. A cikin manhajar ATEM akwai shafin HyperDeck, inda za ku rubuta adireshin, ku faɗa mata a wace kafar shiga hoton wannan na'ura yake, ku haɗa. Wannan zaɓen kafar shi ne wurin da hanyoyin nan biyu suke gamuwa, kuma shi ake yawan mantawa. Sannan dole a kunna rimot a jikin HyperDeck ɗin, in ba haka ba miksa za ta gan ta amma ba za ta yi biyayya ba. Ina roƙonku ku rubuta adireshin da hannu ya zauna daram, kada ku bar wa rauta, wato akwatin netwok, ta riƙa rabawa. A ƙasar da ake ɗauke wuta ana komawa janareto a tsakiyar shiri, na'urori sukan mutu su tashi, kuma rautar da ta ba na'ura wata lamba da safe tana iya ba ta wata daban da yamma, miksa kuwa tana can tana kiran tsohon adireshi. Kada kuma ku raba wa jama'ar wurin taro lambar sirrin netwok ɗin da umarninku ke bi.

Yanzu sai maganar lokaci, wadda ita ke raba aikin gwani da na ɗan koyo a idon mai kallo, ko da bai san sunan abin da ya gani ba. Babu na'urar da ke tashi a take. Daga isar umarni zuwa motsin hoto akwai 'yan firem, kuma a tsarin 25 kowane firem kashi ɗaya ne cikin 25 na daƙiƙa. Idan miksa ta yanka a daidai lokacin da ta aika umarni, mai kallo zai ga hoto a daskare na ɗan ƙiftawar ido kafin ya motsa. Idan ta yi jinkiri da yawa, farkon bidiyon ya wuce ba a gani ba. Shi ya sa kowace miksa mai sarrafa na'ura take da wurin rubuta yawan firem ɗin da za ta jira. A ATEM yana nan kusa da oto-rol, wato saitin da ke sa bidiyo ya tashi da kansa idan an yanka zuwa gare shi. Ku fara da firem 5, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ke nan a tsarin 25, amma kada ku tsaya a kan zato. Ku shirya bidiyon gwaji mai lambar firem a rubuce a jikinsa, ku yanka zuwa gare shi sau da yawa kuna ɗaukar abin da ke fita, sannan ku duba ɗaukar firem bayan firem ku ga da wace lamba ya shigo. Ku gyara, ku sake. Aikin rabin sa'a ne, kuma lambar da kuka samu taku ce muddin ba ku sauya na'ura ko nau'in fayil ba.

Daga nan sai makuro, wato jerin umarni da ake ɗaurewa a maɓalli ɗaya. Na shiga maimaici yakan ƙunshi tayar da zanen da ke share allo, yanka zuwa kafar maimaici a daidai firem ɗin da zanen ya rufe allon gaba ɗaya, sauke allon maki da agogo, ɗora alamar maimaici, da barin sautin fili da muryar mai sharhi suna tafiya ba tare da sautin maimaicin ya hau kansu ba. Na fita kuma ya warware duk wannan. Abin da nake so ku riƙe shi ne makuro ba ya gani. Ba ya duba halin da allo ke ciki, jerinsa kawai yake bi. Idan kun rubuta masa "juya allon maki", ranar da wani ya riga ya sauke allon da hannu, makuro zai ɗora shi a kan maimaici ya kuma sauke shi idan an dawo fili. Ku rubuta masa umarni mai fuska ɗaya: "sauke" a na shiga, "ɗora" a na fita. Kuma kada ku yi sakaci da alamar maimaici. Mutumin da ya ɗago kai daga cinikinsa ya ga ƙwallo a raga yana da haƙƙin ya san ko ta biyu ce ko ta farkon ce.

Akwai tambayar da ba a littafi ake samun amsarta ba, a tsakaninku ake yanke ta: wa ke riƙe da kafar fita? Manyan na'urori suna ba da zaɓi, ko mutum ɗaya ya mallaki kafa shi kaɗai, ko shi da miksa su yi tarayya. Ra'ayina a nan ba ya rawa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A wasa, kafar maimaici ta mai maimaici ce: shi ya ga abin da ya faru, shi ya zaɓi kyamara, hannunsa ne a kan sandar gudu yana sassautawa daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafa. Iyakar abin da miksa za ta yi a wannan kafar shi ne ta tayar da ita a farko, idan kun yarda da haka. Kafa ta biyu, ta talla da zane da bidiyon hutun rabin lokaci, ita ce ta miksa, kuma mai maimaici ya ɗauke hannunsa daga kanta. In kun bar su a cakuɗe, wata rana darakta zai ɗora talla a kan kafar da ɗan'uwansa ke shirya ƙwallon da aka ci. Ku kuma kai wa mai maimaici jar fitilar nan ta tali, ya san lokacin da hotonsa ke gaban jama'a, kada ya hau neman wani abu yana gaba yana baya duniya tana kallo. Ku tsayar da kalmomin da za ku riƙa faɗa a na'urar kunne, gajeru, kullum iri ɗaya: "Maimaici a shirye?" "A shirye, kyamara 2." "Sake shi." "Dawo." Darakta kuma idonsa ɗaya na kan fili, don da zarar an ɗora ƙwallo a tsakiya za a ci gaba, dole a dawo ko maimaici bai ƙare ba.

Sai maganar inda hoton ke zuwa, kuma a nan aikin ya wuce na waya ya zama amana. Ranar 27 ga Yuni 2010, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, Ajantina ta kara da Meziko a filin Soccer City na Johannesbag. Carlos Tevez ya ci ƙwallon farko yana cikin satar gida ƙarara, alƙalan wasa ba su gani ba. Sai ga maimaicin ya fito a babban allon filin. 'Yan wasan Meziko suka gani, suka yi wa alƙali Roberto Rosetti da mataimakinsa caa, dokar lokacin kuwa ba ta ba shi damar yin hukunci da hoton bidiyo ba. Ƙwallo ta zauna, rai ya ɓaci, har aka yi hatsaniya a bakin fili lokacin tafiya hutun rabin lokaci. Ajantina ta yi nasara da ci 3 da 1, washegari kuma hukumar FIFA ta ce bai kamata a nuna wannan hoton a filin ba, za ta ƙara tsaurara abin da ke hawa allon. Wannan fa a filin da ke cike da jami'an tsaro ne. Ku auna filayenmu, inda wani lokaci igiya ce kaɗai tsakanin alƙali da 'yan kallo. Ku auna filin dambe, inda gardamar ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa ko ba a yi ba, kan iya tayar da ɓangare guda. Idan akwai babban allo a wurin, ku ba shi kafar fita tasa daban, wadda makuron maimaici ba ya taɓawa, sai an yi shawara da masu shirya wasan a kan abin da za a nuna a can.

Ga masu kallo a gida ma akwai haƙƙi. Idan za ku nuna abin da ake gardama a kai, ku nuna shi daga kusurwar da ta fi bayyana gaskiya, ko da ba ta yi wa ƙungiyar garinku daɗi ba. Idan ɗan wasa ya karye ko ɗan dambe ya faɗi a sume, sau ɗaya ya isa, wani lokaci ma ko ɗayan bai kamata ba, domin mahaifiyarsa na iya kasancewa cikin masu kallo. Haka nan na'urar da ke ɗaukar komai ba tsayawa tana sa yanko daƙiƙa 20 daga karatun malami ko jawabin wani ya zama abu mai sauƙi, kuma kun san irin wutar da guntuwar magana ta sha kunnawa a tsakaninmu. Wanda aka ba ajiyar hoton mutane zai amsa tambaya a kansa gobe kiyama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ba a son yi: bayan kun gama saiti komai yana aiki, ku kashe duka kayan kamar an ɗauke wuta, ku sake kunnawa, akwatin netwok da farko, sai na'urar maimaici, sai miksa, ku ga ko haɗin zai dawo da kansa ko sai an taɓa wani abu. Ku zare wayar umarni bidiyo yana cikin tafiya, ku ga abin da zai faru, sannan ku gwada yin maimaicin gaba ɗaya da hannu da baki, mai maimaici yana tayarwa darakta yana yankawa, har ya zame muku jiki. Ku ɗora miksa da na'urar maimaici da akwatin netwok a kan batirin UPS, don daƙiƙun da ake ɗauka kafin janareto ya karɓa sun isa su lalata ɗaukar wasa guda. Ku duba sauran wurin da ke faifai. Ku kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankokin na'ura, ku nema mata inuwa, don zafi yana sa ta tsaya ba sallama. Kada ku sabunta manhajar kowace na'ura a daren aiki, komai kyan abin da aka ce an ƙara mata.

Kuma ku rubuta. Adireshin kowace na'ura, lambar ƙofa, yaren da aka zaɓa, yawan firem ɗin jira, sunan kowace kafa, abin da kowane makuro ke yi, duk a takarda ɗaya a manne a cikin murfin akwatin kaya, kwafin saitin kuma a filashi. Na san akwai masu ɓoye irin wannan sani don a riƙa nemansu, suna ganin shi ne jarinsu. Wannan gurguwar dabara ce. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da su aikin kamfanin gaba ɗaya ya tsaya, sunan da ya ɓaci kuma na kowa ne. Yaron da ke naɗe muku waya, ku zaunar da shi ku nuna masa dalilin kowace lamba, haka ma ƙanwarku da ke sha'awar aikin amma take jin nauyin tambaya.

Littattafan waɗannan na'urori suna nan kyauta a shafukan kamfanoninsu na intanet. Na san Turancinsu yana da nauyi, amma ba duka za ku karanta ba, babin sarrafa na'urorin waje kawai kuke nema, kuma mafi yawansa zane ne da lambobi. Ƙannena, a cikin wannan makon, ranar da ba ku da aiki, ku sauke littafin miksarku da na na'urar da kuke son ta sarrafa, ku fito da kayan ku haɗa su a ɗaki, ku yi gwajin kashe wuta da na zare waya, ku rubuta takardar nan ku manna ta. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya sa ku zama masu riƙon amana a cikinta.